Littafin aikin Land Cruiser: turbo, taɓo da hawan Mambila

15 ga Afrilu, 2024

Motar ita ce Land Cruiser 75, a-kori-kura, ƙirar 1994. Injinta 1HZ ne, gas, lita 4.2, silinda shida a jere, babu turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa ta tura ƙarin iska cikin silinda. A takarda yana ba da ƙarfin doki wajen 130, ƙarfin juyinsa kuma Nm 285 idan yana juyi 2,200 a minti. Aikinta ɗaukar taki da iri daga Gembu zuwa gona, ta dawo da masara da dankali, wani lokaci kuma ta sauka Jalingo ta ɗauko kaya. Hanyar gonar tana rabuwa da kwalta bayan Nguroje, daga nan jar ƙasa ce da duwatsu da rafuka ƙanana.

Abin da ke damuna biyu ne. A hawan dutse daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, idan da lodi, sai giya ta biyu, hayaƙi baƙi ƙirin, allurar zafi tana ta hawa. Sannan da damina akwai wani hawa kusa da gona da take kafewa kusan duk lokacin da aka kwana ana ruwa. Na yanke shawarar sa mata turbo, kuma zan riƙa rubuta komai a nan don in ga wanne daga cikin matsalolin biyu ƙarin ƙarfi zai warware.

19 ga Afrilu

Kafin a taɓa komai na yi gwaji da buhu 20 na taki, tan ɗaya ke nan, daga ƙasan dutse zuwa sama. Na rubuta giyar da ta ci a kowace kwana da inda allurar zafi ta tsaya, don in samu abin kwatantawa daga baya.

Ba laifin injin ba ne kacokan. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600 sama da teku, wasu wurare sun fi haka, kuma iska tana raguwa da kauri yayin da ake hawa. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Wato Nm 285 ɗin da ke takarda, idan mun iso sama, bai wuce 240 ba. Famfon gas kuwa bai san an hau dutse ba, yana ci gaba da zuba man da ya saba, iskar da za ta ƙona shi ta yi kaɗan. Hayaƙin nan da muke gani mai ne da bai ƙone ba.

23 ga Afrilu

Jalingo, gareji. Oga, babban bakaniken wurin, ya ƙi taɓa komai sai da ya auna matsin kowace silinda. Duka shida sun haura psi 450, kuma babu wadda ta yi nisa da 'yar'uwarta. Da ɗaya ta gaza, in ji shi, da ya ce in kwashe motata.

Bai ɓoye ra'ayinsa ba. “Alhaji, turbo zai hau da kai dutse, wannan na yarda. Amma taɓon gonarku ba ƙarfin inji yake tambaya ba.” Na ce, “Oga, a dai sa mu gani.” Ya ce to, kuɗina ne.

Ya kuma yi mini bayanin abin da zai kiyaye. 1HZ ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin, yana da wani ɗan ƙoƙon ƙuna a cikin kan injin, kuma matsinsa ya haura 22 bisa 1. Idan zafi ya yi yawa, ƙoƙon nan ne ke tsagewa, ko fistin ya fashe. Ɗan'uwansa 1HD-T, wanda Toyota ta ƙera da turbo tun daga masana'anta, girmansu ɗaya amma yana fesa mai kai tsaye, fistin ɗinsa an yi shi don wannan zafin, shi ya sa yake ba da wajen Nm 360 hankali kwance. Mu ba za mu bi shi ba. Iska psi 7 zuwa 8, ba ƙari.

27 ga Afrilu

An turo kaya daga Kano: turbo CT26 na hannu da manifol ɗinsa (bututun da ke tattara hayaƙin silinda ya kai wa turbo), duka daga injin 1HD-T, suna zama a jikin 1HZ ba tare da an yanka komai ba. ₦650,000 har da kuɗin mota.

29 ga Afrilu

Turbon ya koma. Da Oga ya sa yatsa ya girgiza farfelar ciki, tana motsi gaba da baya, ga alamar gogayya a bangon gidanta, ga baƙin mai jage-jage a bakin da iska ke fita. Ya ce irin wannan idan aka ɗora shi, mai zai riƙa bi ta cikin iska ya shiga silinda, kuma injin gas yana iya cin baƙin mansa ya yi ta gudu ko an kashe makulli, har sai ya tarwatse. Mai kayan ya fara cewa wai haka suke zuwa duka. Sai da aka haɗa shi da Oga a waya suka yi yaren junansu, sannan ya yarda zai canza, in ƙara ₦40,000. Mako guda ya tafi a banza, motar tana zaune a gareji, taki yana jira a Gembu.

6 ga Mayu

Na biyun ya iso, lafiyayye. An kai nozul shida masu fesa mai wajen mai injekta ya gyara su ya daidaita matsinsu, ₦140,000. An canza bel ɗin tayimin tun da an riga an buɗe gaba, ₦55,000.

9 ga Mayu

Walda yau. Bututun da ke kai baƙin mai ga turbo, da wanda ke mayar da shi ƙasa cikin tukunyar mai, da salansa sabuwa mai faɗin inci uku. An huda manifol an dasa ma'aunin zafin hayaƙi kafin turbo, an sa agogonsa da na matsin iska a gaban direba. Bututu da walda ₦165,000, agogo biyu ₦85,000.

11 ga Mayu

An tayar. Oga ya buɗe sukurun mai kaɗan-kaɗan, muna fita hanyar Bali muna dawowa, ido a kan agogon zafi. Dokar da ya kafa mini: kada allura ta wuce digiri 650, idan ta doso nan in ɗaga ƙafa ko in rage giya. Kuɗin aikinsa ₦120,000.

A kan kwalta kam wata mota ce daban. Giya ta biyar da a da sai a fili ake ganinta, yanzu tana riƙe ƙananan hawa.

14 ga Mayu

Hawan dutse da buhu 20, daidai da gwajin farko. Inda take rarrafe a giya ta biyu yanzu ta uku take ci, hayaƙi ya ragu sosai, sai ɗan toka-toka idan na taka daga ƙasa. A nan turbo ya yi abin da aka sayo shi ya yi, ya mayar wa injin iskar da tsayin dutse ya ƙwace.

Sai dai allurar ruwa ta hau fiye da da. Na tsaya a wani fili kafin Maisamari na bar injin yana aiki har ta sauko. Ƙarin mai da ake ƙonawa ƙarin zafi ne, lagireton kuma tsoho ne mai shekara talatin.

16 ga Mayu

Bakaniken Gembu ya cire lagireto, rabin layukansa sun toshe. Fankar ma ta saki, man silikon da ke cikin kanta ya ƙare, tana juyi ne kawai ba ta jan iska. An cika mata mai, an yi odar lagireto mai layi huɗu daga Jalingo. ₦195,000 duka.

21 ga Mayu

An ɗaura lagireto. Taki ya isa gona, ƙasa a bushe, babu labari.

27 ga Mayu

An kwana ana ruwa, wato ranar gwaji ta gaske. Lodi rabin tan. Na kulle hob na gaba don tayoyin gaba su ja, na sa ogzilari (giyabos na biyu mai raba ƙarfi ga gaba da baya) a ƙaramar giya, na tunkari hawan nan na kusa da gona a giya ta biyu kamar yadda na saba.

Ta kafe, kuma ƙasa da inda take kafewa a da. Abin da ya faru shi ne, a ƙasan hawan injin yana juyi wajen 1,200, turbo bai farka ba, motar tana tafiya kamar yadda na san ta. Da ta kai wajen 1,700 iska ta shigo, ƙarfi ya zo gaba ɗaya, tayar baya ta hagu da ta gaba ta dama suka fara wulwulawa, sauran biyun suna tsaye ƙyam. Cikin ƙiftawar ido ta haƙa wa kanta rami har aksul ya zauna a ƙasa. Jak, shebur, duwatsu da rassa, da taimakon wasu matasa masu babura, kafin la'asar muka fito da ita da baya.

Muna cikin haƙa wata tsohuwar Land Rover ta zo, irin waɗanda suka cika kasuwannin tudun nan, da buhuna har saman rufi da mutane a kan buhunan. Injin fetur lita 2.25, ƙarfin doki wajen 70, rabin na motata ke nan. Direban ya ratse gefe ya bi ta kan ciyawa, bai taka totur ba, ta haye tana nishi. Ya ɗaga mini hannu ya ce, “Sannu da aiki, Yallaɓai.”

28 ga Mayu

Na zauna da biro na yi lissafin da ke bayyana abin da ya faru jiya. Giya ta ɗaya a wannan giyabos tana ninka ƙarfin inji sau 4.84, ƙaramar giyar ogzilari sau 1.96, aksul sau 4.11. Idan aka haɗa, kusan sau 39. Ko da ƙarfin da ya rage mata a saman dutse kafin turbo, Nm 240, abin da ke isa tayoyi ya haura Nm 9,000. Tayar 7.50R16 daga tsakiyarta zuwa ƙasa wajen santimita 40 ce, don haka turin da motar ke iya yi ya kai na tan biyu da wani abu.

Yanzu a dubi ƙasa. Mota da lodinta tan uku. Busasshiyar kwalta tana iya riƙe turin da ya kai kashi bakwai ko takwas cikin goma na nauyin mota, jiƙaƙƙiyar jar laka kuwa da ƙyar ta riƙe kashi uku. Wato ƙasa da tan ɗaya. Tun kafin in kashe sisi, motar tana da ninki biyu na ƙarfin da lakar za ta iya karɓa. Abin da na ƙara, ƙarin ruwa ne a tulun da ya riga ya cika.

Ga kuma aksul. Difransa irin na wannan mota yana raba ƙarfi daidai tsakanin taya biyu, kuma ma'auninsa ita ce tayar da ta fi rashin riƙo. Idan ta hagu tana kan santsi ba ta riƙe komai ba, ta dama ma ba za ta samu komai ba ko da tana kan dutse. Shi ya sa mota mai jan ƙafa huɗu ke tsayawa da taya biyu suna juyi a banza.

3 ga Yuni

Kuloci ya fara zamewa a giya ta huɗu idan turbo ya shigo, injin yana ƙara mota ba ta ƙara gudu. Tsoho ne dama, ƙarin ƙarfin ya ƙarasa shi. Faranti da murfi masu ƙarfi, ₦230,000 da kuɗin aiki.

8 ga Yuni

Gwaji marar tsada. Tayoyin nan nakan cika su psi 55 saboda lodi. A bakin jar ƙasa na sauke su zuwa 28. Ƙasa a jiƙe, ba kamar ta 27 ga Mayu ba amma da santsi. Na sa giya ta biyu a ƙaramar giya, na riƙe injin a wajen juyi 1,400, ƙasa da inda turbo ke farkawa. Ta haye. Ta ɗan wutsila a tsakiya, amma ta haye.

Matsalar ita ce tayoyin masu tub ne a kan rim mai zobe. Idan iska ta yi ƙasa sosai taya na iya zamewa a kan rim ta tsinke bakin tub, ga laka da ke shiga ta gefen zobe ta ci tub ɗin a hankali. Ba zan iya sauka ƙasa da haka ba. Na sayi famfon iska mai aiki da batir, ₦60,000, don kada in hau kwalta da taya a sake.

13 ga Yuni

An karya abu. Wajen tsallake wani rafi, a fitowa akwai dutse mai tsayi kamar gwiwa a hannun dama. Na karya sitiyari har ƙarshe don in kauce masa, tayar gaba ta hau gefensa ta yi sama tana juyi a iska, turbo ya shigo a daidai lokacin, sai ta faɗo ta cafki dutse. Ƙara ɗaya, ƙas! Daga nan gaba ya daina ja.

Gaɓar shaf ɗin gaba ce, wadda bakanikai ke kira birfil, ta fashe, ƙwallayenta sun watse cikin gidanta. Gaɓar nan ta fi rauni idan sitiyari yana karye, kuma abin da ke kashe ta shi ne taya mai gudu ta tsaya farat ɗaya. Mun buɗe hob biyu, muka sauke rabin kaya, muka lallaɓa gida da jan baya kawai.

Na kira Oga. Ya ce in gode Allah ba difransan gaba ba ne, domin a waɗannan motoci tun daga 1990 na gaba ƙarami ne, inci takwas, na baya kuma tara da rabi, kuma na gaban ya fi saurin zubar da haƙora idan ana ja da baya da ƙarfi. Ya ce kada in kuskura in janyo wata mota da ribas.

16 ga Yuni

Sallar layya. Mota a kan jak.

24 ga Yuni

Birfil ya iso bayan hutu, an ɗaura, an canza sil da giris na ɓangarorin biyu. ₦185,000.

29 ga Yuni

Tayoyi huɗu masu manyan haƙora na laka, 235/85R16, marasa tub, da rim huɗu marasa zobe. Tsayinsu kusan ɗaya da na 7.50R16, da gangan na zaɓe su haka. Wani abokina ya so in sa masu inci 35 don ƙasan mota ya ɗaga, amma babbar taya tana rage turin da ke isa ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin goma, tana ƙara wa birfil wahala, birki ma ya ragu. Taya ₦175,000 kowace, rim ₦45,000 kowane, ₦880,000 ke nan. Da na biya sai da na yi shiru na ɗan lokaci.

4 ga Yuli

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun daren jiya. Iska psi 20, lodi rabin tan kamar ranar da ta kafe, giya ta biyu a ƙaramar giya. Ta haye hawan gona ba tsayawa. Haƙoran taya suna watsar da laka maimakon su toshe su zama sumul kamar na da.

A nan na lura da wani amfani na turbo da ban yi tsammani ba. Akwai wani dogon fadama kafin hawan, laka mai zurfi mai riƙe taya, inda ake buƙatar tayoyi su riƙa juyi da sauri don su kakkaɓe kansu. Da can a giya ta uku ta ƙaramar giya injin yakan shaƙe ya nemi mutuwa, in koma ta biyu, a wajen canza giyar motar ta tsaya. Yanzu ta uku tana riƙewa har ƙarshe. Irin wannan wuri, da yashi mai zurfi, da dogon hawa da lodi, su ne inda ƙasa ke iya karɓar ƙarfin kuma take neman sa. A kan duwatsu da santsi, inda injin ke juyi 1,000 zuwa 1,300, agogon iska yana kwance a sifili, kamar babu turbo a motar. A gangara ma bai ƙara komai ba, riƙon injin yana nan yadda yake.

9 ga Yuli

Kai da kawowa, babu matsala. Shan mai a kan kwalta ya ɗan ragu idan na bi ta a hankali, a daji kuwa babu bambanci.

15 ga Yuli

Ta sake kafewa, a wani kwazazzabo da ruwa ya zaizaye hanya a karkace. Tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama suka rataye, sababbin haƙora ba su da abin cizo a iska. Ba a daɗe ba, duwatsu kaɗan a ƙarƙashin ta baya ta fita. Amma wannan ita ce matsalar difransa tsagwaronta, ba taya ba inji.

Wani ya ba ni shawarar a yi wa difransan baya walda ya zama dunƙule. Arha ne, kuma a laka zai yi aiki. Sai dai motar nan tana sauka dutse da lodi a kan kwalta mai kwana-kwana, inda tayar waje dole ta fi ta ciki gudu. Difransa mai walda zai riƙa tura ta miƙe a kwana, ya cinye tayoyin da na saya da tsada, wata rana ya murɗe shaf. Na ƙi.

20 ga Yuli

Lissafi zuwa yau. Ɓangaren inji, wato turbo da ƙarin kuɗin canza shi, nozul, bel, walda, agogo da kuɗin aiki: ₦1,255,000. Abin da ya biyo bayansa, lagireto da kuloci da birfil: ₦610,000. Ɓangaren ƙasa, tayoyi da rim da famfon iska: ₦940,000. Jimla ₦2,805,000.

Turbo ba zan cire shi ba, hawan Mayo Selbe kaɗai ya isa dalili, kuma injin da ba ya hayaƙi a saman dutse ya fi wanda ke yi lafiya. Amma hanyar gona tayoyi da iska ne suka buɗe ta, da rabin kuɗin da turbo da ɓarnarsa suka ci. Wanda motarsa ba ta hawa irin wannan dutse da lodi, yana bin laka da duwatsu ne kawai, bai kamata ya fara da inji ba.

Na gaba shi ne makullin difransa na baya, irin wanda ake kunnawa daga cikin mota a kashe idan an hau kwalta. Wasu 75 sun zo da shi daga masana'anta, Oga yana neman aksul na hannu mai shi, idan bai samu ba sai mai aiki da iska. Bayan shi akwai haƙoran ogzilari da ake sayarwa masu ninka sau uku maimakon 1.96, za su kai ninkin giya ta ɗaya wajen 60, motar ta riƙa rarrafe a kan dutse ba tare da an ƙona kuloci ba. Wannan sai an sayar da masara. Baƙin mai kuma na rage tazararsa zuwa kilomita 4,000 saboda turbo, canji na gaba ya faɗo a farkon Agusta, kuma a ranar za a sake auna matsin silinda shida a kwatanta da na Afrilu.